Idan Lens Ya Maƙale a Ido: Yadda Ake Cire Shi da Yadda Ake Gane Bakteriya Sun Shiga

Duk mai sa kontak lens, wato ɗan siririn faifan gyara gani da ake ɗorawa a kan ido a madadin tabarau, in dai ya daɗe yana sawa, wata rana zai gamu da ɗayan biyu. Ko barci ya sace shi da lens a ido, ya farka ya tarar ya bushe ya manne ƙam, ko kuma ya murza ido lens ɗin ya goce, ya duba madubi sama da ƙasa bai gan shi ba. Tsoron da ke fara zuwa shi ne kada abin ya zarce bayan ido. Wannan kam babu hanya. Akwai siririn tantani da ya lulluɓe farin ido, sannan ya naɗo ya shimfiɗe cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa, ya zama kamar aljihu mai ɗinkakken gindi. Iyakar tafiyar lens ke nan, kuma galibi a aljihun sama yake laɓewa, don ya fi na ƙasa zurfi.

Abin tsoron shi ne daɗewa. Lens ɗin da ya wuce lokacinsa a ido matattarar bakteriya ne, kuma a cikinsu akwai mai iya huda ido cikin kwana biyu zuwa uku. Saboda haka aikin kashi biyu ne: a fitar da lens ba tare da an ji wa ido ciwo ba, sannan a bibiyi idon bayan ya fita. Na biyun ne aka fi yi wa sakaci.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin lens

A gaban baƙin ido akwai wani murfi garau da haske ke ratsawa, likitoci na ce masa koniya. Kaurin koniya bai fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta. Iskar oksijin da take rayuwa da ita daga sarari take samu, ta cikin hawayen da ke jiƙa ta. In aka rufe ido don barci, abin da ke isa gare ta kan ragu zuwa kusan ɗaya bisa uku. In kuma da lens a kai, sai ya ƙara raguwa. Koniya ta ɗan kumbura, fatarta ta sama ta yi rauni, ta soma saɓulewa nan da can.

Hawaye ma ba ruwa ba ne kawai. Suna ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, kuma duk ƙiftawa tana share datti ta kora shi. A ƙarƙashin lens ɗin da ya manne kuwa hawaye ba sa gudana, suna kwance ne, ga ɗumi. Su kuma bakteriya liƙewa suke yi a jikin lens, su saƙa wa kansu wani yauƙi su shige ciki, inda ruwan wanke lens ke wahalar kai musu. Fata mai rauni, hawaye marasa gudu, lens mai ɗauke da bakteriya: in ukun nan suka haɗu, gyambon koniya ya samu ƙofa.

An daɗe da auna wannan. Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1989 ya nuna cewa a duk shekara, cikin mutum 10,000 masu cire lens mai laushi kafin barci, kimanin 4 ne ke samun gyambon koniya. Cikin masu kwana da shi kuwa, kimanin 21. Daga baya aka ƙero lens na silikon masu barin oksijin ya wuce sosai, aka zaci an gama da matsalar. Sai wani bincike daga Ostareliya ya fito a 2008, ya nuna adadin bai sauka ba ga masu kwana da su. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana cewa barci da lens na ninka haɗarin sau 6 zuwa 8, har da ɗan barcin rana. Don haka ko an rubuta a kwali cewa ana iya kwana da shi, ni dai ban ɗauki rubutun a matsayin izini ba.

Uban tafiya a cikin bakteriyar nan shi ne Pseudomonas aeruginosa. Mazauninsa ruwa da ƙasa da duk inda ke da danshi: bakin famfo, wurin wanke fuska, tafkin ninƙaya, akwatin ajiye lens. Ga lafiyayyar koniya ba ya iya abin kirki, amma da ya samu kafa sai ya riƙa fitar da sinadaran da ke narkar da namanta. Kwantsarsa mai kauri ce, rawaya mai ɗan kore-kore. Staphylococcus aureus daga fatar mutum da gindin gashin ido yake fitowa, kuma ya fi tafiya a hankali. Serratia marcescens ya fi son tsohon akwatin lens da ba a sauyawa.

Wani lokaci ba shiga koniyar suke yi ba, gubarsu ce kawai ke tayar da kumburi. Mai kwana da lens ya farka da asuba da ido ɗaya jawur, yana hawaye, yana gudun haske. Irin wannan kan lafa bayan an cire lens. Amma a ranar farko ba mai iya bambance shi da gyambo na gaske sai wanda ya duba da na'ura, don haka a gida hukuncinsu ɗaya ne.

Lens ɗin da ya shige aljihun sama labarinsa dabam. Bai toshe wa koniya iska ba, saboda haka yana iya zama shiru tsawon lokaci, sai dai ƙaiƙayi da kwantsa da ja mai zuwa yana tafiya, kullum a ido ɗaya. A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta ba da rahoton wata mata 'yar shekara 67 da ta je asibitin Solihull a Ingila don a cire mata yanar ido. Ana shirin aiki aka hangi wani shuɗin dunƙule a idonta. Lens 17 ne yauƙi ya haɗe su wuri ɗaya, aka sake dubawa aka samu wasu 10, jimla 27. Shekara 35 tana sa lens na wata-wata, kuma ta ɗauka bushewar ido ce da tsufa ke damunta. Likitocin suka ɗage aikin, gudun kada bakteriyar da ta taru ta bi wurin yankan ta shiga cikin ƙwayar ido. A Sukotlan kuma an ciro lens mai tauri daga fatar idon wata mata shekara 28 bayan ƙwallon badminton ta buge ta tana yarinya. Nama ya lulluɓe shi ya zama ƙari. Daɗewa ana sa lens na rage wa koniya jin taɓi, shi ya sa rashin jin zafi ba shaida ba ce cewa babu komai a ciki.

Kafin ka taɓa idon

Ka fara tambayar kanka: idon nan maƙalewa ce kawai ke damunsa, ko ya riga ya kamu? In akwai zafi mai tsanani, ko kwantsa mai kauri, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, to ba lokacin kokawa da madubi ba ne. Gwadawa ɗaya a hankali, ya fita ko bai fita ba, ka nufi asibitin ido.

In ba haka ba, ka wanke hannu da sabulu, ka tsane shi sosai da tawul mai tsabta wanda ba ya barin zare. Jiƙaƙƙen hannu ruwan famfo yake kai wa ido. Ka samu haske da madubi, ka shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a gabanka don in lens ya faɗo ka gan shi. Abin jiƙa ido kuwa biyu ne: ruwan salin, wato ruwan gishiri na asibiti da aka sarrafa don ido, ko maganin ɗigawa mai jiƙa lens. Ban da ruwan famfo, ban da miyau. Ka kuma karanta jikin kwalba da kyau, domin ruwan wanke lens mai sinadarin haidirojin feroksaid ƙona ido yake yi in aka ɗiga shi kai tsaye.

Sannan ka tabbatar lens ɗin yana ciki. Rufe ɗaya idon, ka kalli abu daga nesa. In kana gani tar kamar yadda ka saba da lens, yana nan a kan koniya. In ganin ya dushe, ko ya goce ko ya faɗi. Ka duba kunci, gashin ido, gaban riga da ƙasa. Wannan mataki ba ɓata lokaci ba ne. Akwai masu ji wa kansu rauni garin mintsinin tantanin idonsu, suna neman lens ɗin da tuni ya faɗi.

Idan ya bushe ya manne a kan baƙin ido

Kada ka fizga. Busasshen lens kan taso da fatar koniya, kuma raunin da zai bari shi ne ainihin abin da bakteriya ke jira. Ka ɗiga salin ko maganin jiƙawa sosai, ka rufe ido, ka ƙifta, ka sake ɗigawa. In daga barci ka tashi, ka ba shi kamar minti goma yana shan ruwa. Da ido a rufe, ka ɗora tafin yatsa a kan fatar sama ka shafa a hankali har ka ji lens ya motsa. Da ya motsa, ka kalli sama, ka zame shi da tafin yatsa zuwa farin ido na ƙasa, a nan za ka tsinke shi da babban yatsa da manuni. Farce kada ya taɓa ido.

Idan ya shige ƙarƙashin fatar sama

A nan dabara ita ce kallon kishiyar inda kake jin sa. In kana jin sa a sama, ka kalli ƙasa iya iyawarka. In a gefen hanci ne, ka kalli gefen kunne. Ka jiƙa idon, ka rufe, ka shafa fatar daga ƙarƙashin gira zuwa gashin ido, kana turo shi ƙasa. Yawancin lens masu laushi suna da ɗan shuɗi-shuɗi, sau da yawa gefensa za ka fara hangowa a naɗe. In bai leƙo ba, ka ɗaga fatar sama kaɗan daga jikin ido ka kwarara salin a ƙarƙashinta, kanka a karkace.

Akwai kuma juya fatar ido, amma ya fi kyau wani ya yi maka, tunda kai ƙasa za ka riƙa kallo. Zai kama gashin idon sama da yatsu biyu, ya ja fatar ƙasa da waje kaɗan, ya ɗora tsinken auduga a kwance a tsakiyarta daga waje, ya naɗe ta a kansa. In lens ya bayyana, a kora shi da salin ko a zame shi da tsabtataccen yatsa. Ba a sa hantsaki, ba a zura tsinken auduga cikin aljihun ana lalube. Ko an juya fatar, can ƙuryar aljihun ba ta ganuwa a gida. Likita na da ƙaramin ƙarfen da yake ƙara juya ta da shi.

Lens mai tauri kuwa ba a shafa shi ta kan fata, gefensa na iya karce ido. In ya goce zuwa farin ido ya kama, ka danna farin idon a hankali daf da gefensa don iska ta shiga ya saki. Ɗan robar tsotso da ake cire shi da ita sai kana ganin lens ɗin ƙuru-ƙuru za ka ɗora ta, kada ka manna ta a ido da ƙiyasi.

In lens ya fito a yage, ka shimfiɗa shi a tafin hannu ka haɗa gutsattsarin. In bai cika zagaye ba, saura na ciki.

Ka gwada sau biyu ko uku. In ya ƙi, ka tsaya. Ido mai shan taɓi kumbura yake yi, neman ya ƙara wuya. Ga likitan ido wannan aikin 'yan mintuna ne, kuma a ranar za ka je, ba ka kwana da shi kana fatan zai fito da kansa ba. Kada kuma ka ɗora sabon lens a kai don ka samu ganin hanya.

Bayan ya fita

Kada ka jefar da shi. Ka sa shi a akwatinsa ka rufe, ka ajiye tare da kwalbar ruwan da kake amfani da shi. In ciwo ya taso, ana iya gano irin ƙwayar cutar daga jikinsu. Ka koma tabarau, lens kuwa sai ido ya washe fes, aƙalla bayan kwana ɗaya cur.

Yanzu sai bibiya, kuma abin dubawa shi ne inda ciwon ya dosa. Idon da ya sha wahalar taɓi kawai yakan soma sauƙi cikin awa ɗaya zuwa biyu: jan na raguwa, jin tsakuwa na lafawa. Idon da bakteriya suka kama ba ya samun sauƙi don an cire lens, gaba yake yi. Zafin na ƙaruwa, haske na soka, hawaye ba sa tsayawa, fatar ido na kumbura, gani na dushewa ko da tabarau. Ka haska fitila daga gefe ka dubi baƙin idon a madubi, ko wani ya duba maka. Farin ɗigo ko toka-toka, komai ƙanƙantarsa, gyambo ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. In kuwa ka ga wani fari ya kwanta a ƙasan baƙin ido kamar layi, mugunya ce ta taru a ciki, abin ya yi nisa. Ɗaya daga cikin alamun nan ya isa ka tafi a ranar, ko da dare ne, ko ranar hutu.

Mai sa lens ba ya yanke wa kansa hukuncin cewa apolo ce. Jan ido mai zafi a wurinsa gyambo ne ake fara zargi. Ko karcewa ce kawai, wadda ga wani kan warke cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ga mai lens ana ba da maganin da ke kashe Pseudomonas tun kafin ya kama.

Tsakanin gida da asibiti akwai kurakuran da ke ɓata ido fiye da cutar. Kada a rufe idon da bandeji ko auduga. Ɗumi da duhu abin da bakteriya ke so ke nan. In haske na damu, baƙin tabarau ya wadatar. Kada a ɗiga maganin da ke da sitiroid, irin su dexamethasone, betamethasone ko prednisolone. Wannan ne mafi yaudara, domin yana kwantar da ja da zafi nan take, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya kashe garkuwar idon ne cutar na ci. Da yawa ana haɗa shi da antibayotik a kwalba ɗaya, sai an karanta ƙananan rubutun. Chloramphenicol, da aka saba bayarwa don jan ido, ba ya kashe Pseudomonas. Maganin kashe zafi na ɗigawa na asibiti ne kawai, yawan amfani da shi narkar da koniya yake yi. In zafi ya dame ka, ka sha farasitamol. Tsohuwar kwalbar da aka buɗe tuni ita ma a bar ta. Pseudomonas na iya rayuwa a cikin kwalba: a 2023 gurɓataccen maganin jiƙa ido ya harbi mutum 81 a jihohi 18 na Amurka, wasu suka rasa gani, aka cire wa 4 ƙwayar ido, 4 suka rasu.

A gaban likita

Ka fara da cewa kana sa lens, tun a wurin karɓar kati, don wannan kalma kan sa a gan ka da wuri. Ka faɗi irinsa, tsawon lokacin da ya yi a ido, ko ka yi barci da shi, da duk abin da ka ɗiga. Ka faɗi kuma in ka yi wanka ko ninƙaya da shi, ko ka taɓa ɗauraye akwatin da ruwan famfo. Ba don faɗa ake tambaya ba. Ruwa na kawo wata halitta mai suna Acanthamoeba, wadda ba bakteriya ba ce, antibayotik na yau da kullum ba ya taɓa ta, kuma a farko tana kama da gyambon bakteriya.

Za a auna ganinka, a duba idon da na'ura mai ƙara girma, a ɗiga wani rini ruwan lemo da ke haskaka rauni ya koma kore a ƙarƙashin shuɗin haske, a juya fatar ido a nemi saura. In gyambon babba ne ko yana tsakiya, za a kashe zafi a ɗan kankari gefensa a kai ɗakin gwaji. Ba a jiran sakamako kafin a fara magani.

Maganin ɗigawa ne, galibi daga dangin ciprofloxacin, ofloxacin, levofloxacin ko moxifloxacin. Ga gyambo mai tsanani akan haɗa masu ƙarfi iri biyu. Inda mutane ke faɗuwa shi ne yawan ɗigawar. A kwana biyun farko sau da yawa duk awa ɗaya ake ɗigawa, dare da rana. Tunda koniya ba ta da jijiyar jini, ƙwayar haɗiya ba ta kai mata yadda ya kamata, kuma hawaye na wanke ɗigon da wuri. Ka saita ƙararrawar waya, ka samu mai tashe ka. In ba zai yiwu ba, ka gaya wa likita, akan kwantar da mutum saboda wannan kaɗai. In magani biyu ne, a bar minti biyar tsakaninsu. Akan ƙara da wani da ke buɗe ɗan tsakiyar ido don rage raɗaɗi. Zai dusar da gani na ɗan lokaci, ba lalacewa ba ce. Ciprofloxacin kan bar farin gari a kan gyambon, shi ma kada ya firgita ka, amma ka nuna wa likita.

Za a ce ka dawo gobe ko jibi. Ka dawo, ko da ka ji sauƙi. Zafi ne ke fara raguwa tun gyambon bai rufe ba, kuma likita ne ke rage magani a hankali. In an ga dacewar sitiroid don rage tabo, shi zai ƙara shi bayan antibayotik ya kama aiki. In kwana biyu suka wuce babu sauyi, sai a sake gwaji a nemi wata ƙwayar cutar.

Abin da zai rage bayan warkewa ya danganta da wuri da zurfi. Ƙaramin gyambo a gefe kan bar ɗan tabon da ba ya hana gani. Na tsakiya kan bar hakiya daidai inda haske ke shiga, wadda tabarau ba ya gyarawa, wani lokaci sai an yi dashen koniya. Mai ciwon sukari, mai shan taba da mai busasshen ido sun fi saurin kamuwa da jinkirin warkewa, su kam ko ƙaramar alama kada su jira.

Komawa ga lens

Sai likita ya ce koniya ta rufe sarai. Ranar da za ka koma, komai sabo: lens, akwati, kwalbar ruwa, har kayan kwalliyar ido da aka yi amfani da su lokacin ciwon. Akwati ana sauya shi duk wata uku. Kullum a zubar da tsohon ruwan gaba ɗaya, ba a ƙara sabo a kan tsoho, a goge shi da ruwan lens a kife shi a buɗe ya bushe. In ka san barci na yawan sace ka, ka nemi likita ya mayar da kai ga lens na kwana ɗaya da ake jefarwa da yamma, ko ka riƙa cirewa da zarar ka shigo gida. Lens masu launi na ado ma duk wannan doka ta hau kansu, kuma ba a aron na wani.

Ka saba fara cirewa daga ido ɗaya kullum, kuma ka ga lens ɗin a kan yatsanka kafin ka ce ka cire. Wanda ya ɓace ba ka gan shi a ƙasa ba, ka lissafa shi yana ciki har sai an duba. In kuma za a yi maka wani aikin ido nan gaba, ka gaya wa likita cewa ka taɓa ɓatar da lens, don ya juya fatar ya duba aljihun kafin ya fara.